Ƙafar Benek

Filin ƙwallon Grudowice a karkace yake. Kowa a garin ya sani, kuma ba mai faɗa a gaban baƙo. In ka ajiye ƙwallo a tsakiyarsa ka juya ka kunna taba, kafin ka waiwayo ta kama hanya a hankali kamar tsohuwa za ta coci, ta nufi kusurwar da ke kallon tsibin baƙin dutsen da ake kwasowa daga ramin haƙar kwal. Waɗanda suka share filin a miƙe suka bar shi. Kwal ɗin da ke ƙarƙashinsa ne aka yi ta ƙwaƙulewa tun zamanin Jamusawa, ƙasa kuwa in an cinye mata ciki dole ta zauna, kuma ba ta zama daidai don ta faranta wa wani.

Gidajen jan bulo na layin ma'aikata ma haka suke, sun jingina da juna kamar mashaya ranar biya. Ƙofar kowa ko dai ta rufe kanta ko ta buɗe kanta. Miya a faranti gefe ɗaya take taruwa, yara su tashi suna zaton haka Allah ya yi miya.

Saboda haka ba a cin kulob ɗin rami a gida. Baƙi su zo da jesinsu a goge, su yi ta bin ƙwallo tana gudunsu, su koma suna zagi. Wani rafali ya taɓa zuwa da abin awon magina a aljihu, wai zai kai ƙara. Aka shigar da shi ɗakin baya aka haɗa shi da tsiran hanji da barasa, ya fito yana rantsuwa shi bai taɓa ganin fili miƙaƙƙe irin wannan ba. A lokacin shi kansa a karkace yake tafiya. In kuwa 'yan kulob ɗin suka je waje, kashi suke sha su dawo. Wannan kuma laifin rafali ne, ko laifin motar da ta jijjiga musu hanji, ko ruwan garin mutane da ba shi da daɗi.

A wannan filin Benek ya koyi tafiya, a nan ya koyi bugu. Benon sunansa, amma tun da aka yi masa baftisma ba wanda ya sake kiransa haka. In ya sa wa ƙwallo gefen ƙafa, sai ka ga ta tafi can wani wuri da ba kowa, masu tsaron baya su bi ta da dariya, sai ta lanƙwaso a ƙasa ta zagaye su ta zo ta kwanta a ƙafar ɗan gaba kamar kyanwar gida. Maza su jefa huluna sama. Tsofaffi su ce tun kafin yaƙi ba a yi irinsa ba, su da ba su tuna abin da suka ci da safe.

Ran Lahadi ke nan. Sauran kwanakin mako yana ƙarƙashin filin da shebur, a durƙushe, fitila a goshi. Shekararsa ashirin da huɗu, ya fara tofar da baƙin yawu da safe. Ubansa kuwa ya riga ya gama nasa. Yana zaune a kicin kusa da murhu tun shekarun baya, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar zugazugi, daga kujera zuwa taga sai ya huta a hanya. Benek in ya kalle shi sai ya kawar da kai, don ya san kujerar ba ta da wani magaji sai shi. Kuma ba halin ya ajiye shebur ya shiga jirgi. Gidan na masu rami ne. Ranar da aka rasa mai sauka ƙasa a cikin gida, ranar za a zo karɓar makulli, uban da Kaka Truda su koma ina?

Ƙofa ɗaya ce. Manyan kulob na birni su ma na masu ramin kwal ne. In suka ɗauke ka, sunanka yana nan cikin ma'aikata, gida yana nan, amma ka rabu da fitila har abada. Aikinka gudu a kan ciyawa, a ba ka ɗaki a bene mai famfo a ciki.

To ana gab da rufe wasanni saboda sanyi, sai ga wani mai doguwar kwat da takalmi mai ƙyalli ya zo ya tsaya a bakin fili, bai yi ihu ba, bai jefa hula ba. Da aka tashi ya ja tsoho Alfons gefe, shi ne kocinsu, da rana kuma shi ke raba fitilu a bakin rami. Abin da ya ce kaɗan ne. In ƙanƙara ta narke a turo masa yaron nan birni su gwada shi.

Kafin jiniyar safe labari ya gama gari.

Washegari da suka fito daga ƙasa suna ɗakin wanka, an yi layi kamar kullum, kowa na cuɗa bayan na gabansa, don baƙin kwal ba ya fita a inda hannunka ba ya kai. Gerard gola ne a bayan Benek, ƙato mai kunne ɗaya da rabi.

"To, ɗan birni, in ka je can wa zai riƙa cuɗa ka?"

"Mata masu turare. Kai dai cuɗa, malam, ka bar surutu."

"Su yi ta fama. Wannan baƙin ai har cikin ƙashi yake." Gerard ya ƙara sabulu. Can ya rage murya. "Benek, in tambaye ka mana. Yaushe rabon da ka ba da ƙwallo mai kyau a waje?"

"Ai ka san mota ba ta yi mini. Cikina juyawa yake."

"Cikinka. Rannan da muka je ƙetaren kogi a ƙasa muka taka, wace motar ce ta juya shi? Ƙwallonka uku na gani sun faɗa gonar kabejin mutane."

"Iska ce."

"Kai tafi can. Ni a raga nake tsaye, aikina kallo. Ba inda kake so ta je kake buga ta ba, ɗan'uwa. Tudu kake buga wa, gangare ya kai maka saƙo. Ka je filin da ba gangare, wa zai kai?"

Benek ya juyo da kumfa a ido. "Hassada ce ke cinka."

"Ƙwarai kuwa, tana cina. Amma juya in gama, ruwan zafi zai ƙare."

Ya tafi gida yana huci. Ya tarar Kaka Truda ta zuba masa miyar tsami da dankali, ya zauna ya ƙura wa farantin ido. Miyar ta taru a gefen taga, ɗaya gefen har ana ganin zanen furen da ke ƙasan faranti.

"Kaka, da kika je asibitin birni, yaya miyarsu take?"

"Ruwa ce tsararo. Kabeji ya leƙa ya wuce."

"A'a, kwanciyarta a faranti nake tambaya."

Ta dube shi ta saman tukunya. Matar nan an haife ta a ƙarƙashin sarkin Jamus, ta yi aure a Poland, aka sake mai da ita Bajamushiya, aka sake dawo da ita, duk ba ta matsa daga layin nan ba, saboda haka tambaya ba ta ba ta mamaki.

"A shimfiɗe take, kamar gawa. Har jiri ya ɗebe ni. Ci abincinka."

Uban ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace.

Daga ranar Benek ya shiga neman wuri miƙaƙƙe a Grudowice. In ya fito aikin safe sai ya saɓa ƙwallo a hammata ya bi gari. Ya ajiye ta a filin makaranta, ta gangara wajen bayan gida. Ya ajiye ta a dandalin kasuwa, ta bi ta ƙarƙashin teburin mai ƙwai ta shige lambatu. Dakalin tashar jirgi, inda ya sa rai, nan ma ta mirgina ta faɗa kan dogo, mai tuta ya bi shi da ashar. Har maƙabarta ya je. Can ma mutanen da ke kwance duk kansu ya fi ƙafafunsu ƙasa.

Ƙarshe ya shiga coci da tsakar rana ba kowa, ya durƙusa ya yi alamar gicciye, ya ajiye ƙwallo a tsakanin kujeru. Ta tsaya cak. Sai ta yi wani ɗan tunani, ta kama hanya, ta wuce kujeru ɗaya bayan ɗaya, ta je ta daki ƙofar akwatin da ake faɗin zunubi. Labule ya motsa, Fada ya leƙo da barci a idonsa.

"Benek, ita ce za ta fara ko kai?"

"A gafarce ni, Fada. Awo nake."

"Ɗana, ni da nake zuba ruwan inabi a kofi kowace safiya ai da ka tambaye ni. Ɗauki abarka ka fita."

Da ya koma gida ya jefar da ƙwallon a bayan ƙofa, ita kuma ta taho ta same shi a kujera.

"Duk garin nan, Kaka, babu inda ya kai faɗin tabarma a miƙe. Ko ɗaya."

"Wa ya ce?"

"Na auna."

"Ka auna ƙasa. Ƙasa ai ta manajan rami ce, yadda ya ga dama yake lanƙwasa ta. Ruwa ka auna?"

Kududdufin bayan tsibi take nufi. Da can layin gidaje ne, a nan aka haife ta. Ƙasa ta yi ta zama, ruwa ya yi ta tasowa, mutane suka kwashe gadajensu suka hau tudu, har yau in rani ya yi ana ganin kan bututun hayaƙin mai burodi. Yanzu sanyi ya kama shi ya daskare, ƙanƙara mai kaurin da keken doki zai bi ta kai.

Ya je ya ajiye ƙwallo a tsakiya. Ta zauna. Ya ja da baya ya jira, ya zagaya ta, ya hura mata iska da baki. Ko gezau. Bai taɓa ganin ƙwallo ta zauna haka ba, har abin ya ba shi tsoro kaɗan. Sai ya ɗaga ƙafa zai buga, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a kan ƙashin gindinsa.

Maganin santsi kuwa kowace mace ta san shi, shi muke zubawa a bakin ƙofa duk hunturu. Kaka Truda ta bi layi ƙofa ƙofa. Ba roƙo ta yi ba, ba ta iya ba. Cewa take, "Tokarku ta gobe kar ku zubar, ta jikana ce." Da safe sai ga mata a jere da bokitai, ɗankwali har hanci, suna gangarawa bayan tsibi suna watsa toka da garin ƙonannen kwal na murhu a kan ƙanƙara kamar masu shuka. Wasu don Allah suka yi, wasu don su ga ƙarshen abin, wasu kuma suna da 'ya'ya mata da suka isa aure, ɗaki mai famfo a ciki kuwa ba abin wasa ba ne. Kafin mako ya zagayo an yi masa baƙin fili a tsakiyar farin kududdufi, shimfiɗaɗɗe kamar tebur ɗin gidan manaja.

Gerard ne ya zo ya tsaya masa, da tsohuwar rigar sanyi da safar hannun aiki.

"Ga ni nan. Ba ni a ƙafa."

Benek ya auna, ya buga. Ƙwallo ta tafi ɗoɗar, ta wuce Gerard ta dama da nisan da ko sanda ya miƙa ba zai taɓo ta ba, ta yi ta tafiya har ciyayin bakin ruwa.

"Wa ka ba? Akwai wani a can da ban gani ba?"

"Ɗauko dai."

"Kai za ka ɗauko. In ka sha tafiya ƙafar za ta yi hankali."

Ya sha tafiyar kuwa. Rana a hunturu ba ta daɗewa, suna fitowa daga rami ta riga ta sunkuya, ɗan hasken da ya rage shi suke bi. Ido ya ce ga Gerard can, ƙafa ta ce ita ta fi shi sani. Tun yana rarrafe take aikinta a hanya ɗaya, yanzu an ce ta sake. Ya yi mata faɗa, ya zage ta, wata rana har ya cire takalmi ya dube ta kamar za ta ba shi amsa. Da dare tana yi masa zogi daga idon sawu har ƙugu. Da safe ya sauka ƙasa ya durƙusa a kanta.

Tsoho Alfons ya zo sau ɗaya ya tsaya a bakin kududdufi, hannu a aljihu, lofe a baki ba wuta.

"Me kuke yi wa ƙafar tawa?"

"Gyara, Baba Alfons."

"Ta ce muku ta lalace? Shekara nawa tana ci mana wasa."

"A gida."

"To a ina kake so ta ci? A gida mutane suke biyan kuɗin ƙofa." Ya tofar da yawu. "Ni dai ban taɓa ganin an kai lafiyayye asibiti ya dawo daidai ba."

Ya juya ya tafi. Gerard ya ce a rabu da shi, tsoro yake kar a bar shi da guragu goma.

Sannu sannu tafiyar ɗauko ƙwallo ta ragu. Daga ciyayi ta dawo ana tsayar da ita da tsalle, daga tsalle ta dawo miƙa ƙafa. Ranar da ta zo ta daki Gerard a ƙauri sau biyar a jere ba tare da ya motsa ba, ƙaton ya cire hula ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ka zama mutumin birni. Bugunka ba gishiri ko kaɗan."

Benek ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kaka. A hanyar gida ya tsaya shagon gwamnati ya tambayi kuɗin akwatin tafiya, na kwali mai ƙarfe a kusurwa. Bai saya ba, amma ya shafa shi.

Sai iska ta juya. Rufin gidaje ya fara ɗiga, baƙin filin ya riga ko'ina jiƙewa, don toka tana shan rana. Gerard ya ce shi nauyinsa ya fi ƙarfin wannan wasan, yana da 'ya'ya. Benek bai damu ba. Abin da ya je nema ya samu, yana nan a ƙafarsa, saura a kira shi.

Kiran ya zo ta wayar ofishin rami, ana jibi za a buɗe wasanni. Alfons ne ya tare shi da labarin a tagar fitilu, yana miƙa masa tasa.

"Mutuminka ya bugo. Ya ce ba sai ka wahala ka je ba."

Benek ya kama fitilar bai ja ta ba. "Sun fasa?"

"Ina fa. Girma ya ƙaru. Ran Lahadi zai zo nan da babban kocinsu da kansa. Wai ya yi ta ba shi labarin ƙwallon da ke zagaye mutane a ƙasa, shi kuma ya ce ƙarya ne sai ya gani da idonsa." Tsohon ya saki fitilar. "Ita suke so su gani. Allah ya ba da sa'a. Matsa, akwai mutane a bayanka."

Kejin da ke sauke ma'aikata cikin rami ya sauka da shi.

Ran Asabar da yamma ya je filin shi kaɗai. Duk taɓo ne da ragowar ƙanƙara, mai gadi ya hana shi taka ciyawa, wai manaja ya ce kar a ɓata wa baƙi. Ya tsaya a bakin waya yana kallon gangaren. Bai taɓa ganinsa ba sai yau. Da can fili ne kawai. Yanzu ga shi ƙuru-ƙuru, kamar an ɗaga gefen tebur. Ya ce a ransa ai ba wuya, ya san inda tudu yake, sai ya riƙa ƙara kaɗan ta dama. Kaɗan nawa? Da bai taɓa tambaya ba.

Ran Lahadi bayan coci duk garin ya tattaru. Masu busa na rami sun sa baƙaƙen kaya da hula mai gashin tsuntsu. Matan toka sun kama layin gaba, sun ce da guminsu a ciki. Har uban aka ɗauko a keken hannu aka lulluɓe shi da bargo. Aka kawo kujeru biyu daga ofis aka sa wa baƙi, aka cusa wa kowace gutsuren katako a ƙafa ɗaya tun kafin su iso. Babban kocin gajere ne mai tumbi, yana ta tsotsar alewa.

Ƙwallon farko da ta zo wa Benek, ya hango ɗan gabansu ya kutsa. Ƙafa ta ɗauka ta aika masa ɗoɗar, kyakkyawan bugu, irin na kan kududdufi. Tana cikin tafiya gangare ya karɓe ta ya kai wa mai tutar kusurwa.

"Ba komai, Benek! Ɗumi take yi!"

Ta biyu ya tuna, ya ƙara ta dama. Ya ƙara da yawa. Ta hau tudu ta fita ta daki babbar gangar masu busa, ta ce dum. Aka yi dariya, har da baƙi.

Daga nan sai ya zama in ƙwallo ta zo masa yana tsayawa. Ɗan tsayawa ne, kamar mai neman kalmar da ta ɓace masa a baki, amma kafin ya gama shawara da ƙafarsa an zo an ɗauke. Wanda bai taɓa duban ƙasa ba, yau kansa a sunkuye. Waɗanda suka zo wasa da su, 'yan wani garin masu narkar da tutiya, da suka saba shan kashi a nan, suka ga abin mamaki suka jefa ɗaya. Suka ƙara.

"Benek! Ka bar ƙafar a kududdufi ne?"

"A dawo mana da tokarmu!"

"Truda, me kika ba shi ya ci?"

Kaka Truda ba ta waiwaya ba. "Abin da uwarka ta ba ubanka, shi ya sa ka fito haka."

Aka tashi an ci Grudowice a gida. Mutane suka tsaya, ba su ma san yadda ake fita daga fili in an sha kashi ba. Benek ya hango baƙin sun nufi motarsu, mai doguwar kwat yana ta bayani da hannu, gajeren ko kallonsa ba ya yi. Ya ruga da takalmin wasa, taɓo har gwiwa, ya sha gabansu a bakin ƙofa inda jama'a suka cunkushe.

"Yallaɓai, don Allah ku tsaya. Ba haka nake ba."

Gajeren ya mai da alewa ɗaya kuncin. "Kowa haka yake cewa, samari."

"Wallahi akwai dalili. Filin ne." Ya nuna shi da hannu. "Filin a karkace yake."

Wata mata ta yi alamar gicciye. Manaja da ke tsaye da hannu a miƙe zai yi sallama ya mai da hannun aljihu. Alfons ya ɗaga kai yana duban hayaƙin bututu kamar yau ya fara ganinsa.

"A karkace?" in ji gajeren.

"Ya gangara can wajen tsibi. Ku ajiye ƙwallo ku gani. Ni kuma duk hunturun nan na yi shi ina gyara ƙafata a wuri miƙaƙƙe, saboda ku. Ku kai ni filinku. Duk inda kuka nuna, nan zan sa ta, ko kan kwabo ne."

Gajeren ya juya ya dubi filin, ya ɗan karkatar da kai, ya daɗe. Sannan ya dubi mai doguwar kwat, wanda kunnuwansa suka yi ja.

"Wato ƙwallon da ka ce tana zagaye mutane, ba yaron ne ke lanƙwasa ta ba. Ƙasa ce."

Benek ya matso kusa da shi.

"Amma yanzu a miƙe nake bugawa, yallaɓai. Ɗoɗar."

"Na gani, ɗana, ka iya." Ya dafa masa kafaɗa, ba da mugunta ba. "Masu buga ta a miƙe ai su suka cika mana birni. Har korarsu muke. Da filin za ku sayar mini da na saya."

Shi kaɗai ya yi dariya. Mota ta tashi, ta bi ta gaban coci, ta hau gada.

An yi kwanaki ba a amsa gaisuwarsa sosai a layi. Ba don kashin da aka sha ba, wannan ana mantawa. Maganar da ya yi a gaban baƙi ce ta tsaya wa mutane a wuya. Mai sayar da burodi ta riƙa ba shi na jiya. Uban dama numfashin magana tsada yake yi masa. Kaka Truda ce kawai ta ce, "Ka faɗi gaskiya, ka huta. Gobe aikin safe gare ka."

Ya ce ya bar ƙwallo. Alfons ya ce to. Ran Laraba tsohon ya miƙo masa fitila ya ce ana atisaye da yamma, in ya ga dama ya zo ya tsaya a gefe, ba mai tilasta shi. Ya je ya tsaya a gefe. Ina kuma zai je? Ƙwallo ta ɓallo ta zo wajensa, ya mayar ba tare da ya duba ba, hankalinsa na can kan gada. Ta tafi inda ba kowa, ta lanƙwaso, ta zagaye mutum biyu ta kwanta a ƙafar ɗan gaba.

Gerard ya kama ƙugu daga cikin raga. "Ka ga 'yar banza! Hunturu guda muna koya mata, da ta ga ba mai kallo ta koma gidan ubanta."

Lahadin da ta biyo suka ci uku, duka daga ƙafarsa. Hulunan suka tashi sama. Waɗanda suka ƙi gaishe shi su suka fara rugowa, suka ɗaga shi a kafaɗa suna kiran sunansa, masu busa a gaba. Suka fita da shi daga fili, suka bi gangare, don da kaya a kafaɗa ba mai hawa tudu. Suka sauke shi a ƙofar rami, nan gidan giya yake. Wani ya danƙa masa kofi, wani ya sumbace shi a goshi ya ce, "Namu ne, ba inda za shi!"

Benek ya sha. Ta saman kofin yana ganin babbar ƙafar injin da ke jan keji tana juyawa a sama, tana sauke 'yan aikin yamma.